Zangarniya Biyar a Hannun Amarya

Ƙanwata ce ta ja mini. Saura wata guda bikinta ta shigo shagon ɗinkina da ke bakin kasuwar Ƙauran Namoda, ina tsakiyar yanka leshi, ta tura mini waya a fuska. Hoton wata amarya ce riƙe da ƙunshin furanni, ga tebura jere a bayanta, kowanne da ɗan tulun fure a tsakiya.

"Yaya, irin wanga nika so. Na gaske, mai ƙamshi."

Na ce, "Matsa mini, kar in haɗa da yatsanki."

Ta matsa, amma maganar ba ta matsa daga raina ba. Yarinyar nan ba ta taɓa roƙona komai ba. Shekarar da zaman ƙauyenmu ya gagara, can gaba da Gurbin Ɓore, ita ta ɗauko tukunyar Inna a ka, ta kamo hannun Baba, har suka iso Ƙaura suka kama hayar ɗaki biyu. Shekara uku tana surfe da ɗibar ruwa, ko ɗankwali ba ta ce in ɗinka mata ba. Yanzu za a kai ta Dauran, gidan manoma, babban gida mai surukai da facaloli da yawa, kuma abu ɗaya tal ta nema. Na ƙudura a raina sai ta shiga gidan nan da kanta a sama.

Na fara zuwa wurin wata mai kayan dekoreshan. Ta fito mini da fulawar roba da rana ta ci har ta koɗe, wadda na rantse na gani a biki ya fi goma a garin nan, ta kuma faɗi kuɗin da zai sayi tunkiya. Na ce ta gaske nake so. Ta ce sai dai a yi odarta daga Jos, kuma kafin mota ta kawo ta nan ta zama dafaffen alayyafo. Sannan ta yi wata dariya ta ce, "Hajiya, nan fa Ƙaura ce. Ina kika taɓa ganin fure a Ƙaura?"

To, ni ba a yi mini haka. Na dawo gida ina huci, na tsaya gaban Inna da gwaggonnina biyu na ce tebur goma zan ƙawata da ɗanyen fure, in ɗaura na amarya, kuma ba zan sayi ko reshe ɗaya ba. Inna ta ce, "Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da take yi wa mai zazzaɓi magana.

Gara in faɗi gaskiya tun nan. Ni 'yar manomi ce a suna kawai. Ina shekara huɗu wata gwaggona ta ɗauke ni riƙo zuwa Kaduna, can na girma, can na koyi ɗinki, sai da na manyanta na dawo. Ko gero da maiwa ban iya bambancewa ba. Har tsiya nake yi wa Baba kan 'yar dawar da yake shukawa layi ɗaya a jikin katangar gidan hayar, daidai inda igiyar shanya ta bi. Irin kakanmu ne, shi kaɗai Baba ya fito da shi daga ƙauye a aljihun riga, kuma duk damina sai ya shuka don kar ya mutu, tunda gonar ba ta zuwuwa. A shekarar nan awakin maƙwabta da tsuntsaye sun bar masa zangarniya biyar kacal. Ya bi kowacce ya sa mata tsohuwar safa ya ɗaure. In na shigo nakan ce, "Baba, ina kwanan 'yan makarantarka?"

Mako biyu na yi ina gwajin fure. Ruwa ya ɗauke, kaka ta kama, ko'ina akwai abin tsinka. Na samo furen bado a wani tafki kan hanyar Zurmi, fari tas, na ce shi ke nan an gama. Kafin azahar ya rufe kansa ruf kamar mai jin kunya. Furen rama da na kuɓewa da safe sai ka rantse da hannu aka zana su, da la'asar kuwa sun naɗe sun zama tsumma. Na yanko tumfafiya, ruwanta ya ƙona mini hannu, Inna ta biyo ni da tsintsiya wai zan makantar mata da 'ya. Bagaruwa ta soke ni, ɗan rawayan furenta kuma ya kakkaɓe tun ban iso gida ba. Na dai koyi wasu abubuwa: a yanka da sassafe, a zage ganyen ƙasa, a tsoma cikin ruwa nan take, a ajiye a inuwa. Amma abin da zai kai tun hantsi har magariba yana tsaye ban samu ba, ga biki yana matsowa.

Ranar Alhamis, wato saura kwana biyu wunin biki, na je kasuwar Shinkafi na sayo 'yan tulunan ƙasa guda goma, waɗanda zan sa furen a ciki. Furen da babu shi. Muna dawowa a mota, mun kusa shiga Ƙaura, rana ta yi sanyi, na leƙa ta taga.

Allah mai iko. Wata gona ce, dawarta gajeru, duk ta ƙanjame, amma ƙarƙashinta tun daga bakin titi har inda ido ya tsaya fure ne. Launinsa tsakanin shuni da ruwan hoda, jere a kan siririn kara, ɗaya bisa ɗaya, iska na kaɗa shi yana tafiya kamar ruwa. Tunda nake ɗinki ban taɓa ganin yadi mai wannan launi ba. Ga shi da yamma ne, rana ta gama dukansa, amma yana tsaye cak. Na dafe ƙirji na ce, "Alhamdulillahi!" da ƙarfi, har matar da ke kusa da ni ta ce, "Lafiya, baiwar Allah?"

Washegari Juma'a da sassafe na ɗauki bokiti huɗu na hau a-daidaita. Na tarar da mai gonar, wani dattijo, yana zagaye. Muka gaisa, na ce ina son in ɗan tsinki furen nan. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Magani za ki haɗawa?"

Nan wayona ya ci ni. Na ga in na ce na biki ne zai sa masa kuɗi. Na ce, "E, Baba, magani ne."

"Ɗiba, ɗiyata! Ɗiba duka! In kin ƙare nan, akwai wata gonar tawa gaba."

Har tuge mini yake yi da kansa, yana cusawa a bokiti, yana sa mini albarka. Na dawo ina cewa a raina har yanzu akwai mutanen kirki a duniya.

Gidan ba kowa. Amarya tana gidan gwaggo an sa ta a lalle, Inna da sauran mata suna maƙwabta wurin suyar cincin, Baba ya tafi masallaci da wuri. Na baje kolina a tsakar gida. Na cika tuluna goma, na ɗaura na amarya da farin ribon, na jera su a inuwa, na ja baya ina kallo. Wallahi ya yi kyau. Har yau ba zan ce bai yi kyau ba. Ina ta shirya abin da zan faɗa wa mai dekoreshan in mun haɗu.

Sai Baba ya yi sallama. Ya sako ƙafa ɗaya, ya tsaya. Dardumar da ke kafaɗarsa ta zame ta faɗi ƙasa, bai ɗauka ba.

"Wa ya kawo wanga abu gidana?"

Mahaifina mutum ne mai sanyi, tunda suka baro ƙauye ma maganarsa ta ƙara raguwa. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Na ce, "Ni ce, Baba. Furen biki ne. Kyauta ma aka ba ni."

"Kyauta! To da saye za a yi? Ke, wanga ƙuduji ne. Wuta-wuta!"

Sunan na sani, kowa ya sani, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba. Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "Haba Baba, to ai ba gona zan kai ba, tebur ne. Fure ne kawai."

Ya ciro farin hankicinsa ya shimfiɗa a tafin hannu, ya tsinko wani ɗan busasshen ƙoƙo daga ƙasan kara ɗaya, ya murje. Wani abu ya zubo baƙi-baƙi, ya fi garin barkono laushi. Ya ce wannan duk iri ne, kuma a kara ɗaya akwai abin da ba mai iya ƙirgawa. Ya ce yana kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru yana jira, sai ya ji saiwar dawa ko gero kusa ya farka ya kama ta ya yi ta tsotsa. Kafin ya fito ya yi furen da nake yabo, ya riga ya gama da gonar. Shi ya sa dawar da na gani ta ƙanjame.

Sannan ya nuna tulunan. "In an tashi biki, mata suna barin abu bisa tebur?"

Na ce a'a. Kowa ya san ba sa bari, ko cokali ne.

"To su tahi da shi. Wata Dauran, wata Zurmi, wata Shinkahi. In ya bushe a share shi zuwa juji. Juji shi ne taki. Da rani a ɗora wa jaki a kai gona." Ya dube ni. "Wanga in sun ɗauka ke nan. Amma ba su ɗauka, don duk macen da ta taɓa kai abinci gona ta san shi. Su ga ɗiyata ta shigo musu da shi a hannu, an ɗaure da ƙyalle? Har ta mutu sunanta amarya mai wuta-wuta. Jikokinta sai sun ji."

Na zauna a bakin turmi. Na san gidan yawa, na san yadda suna ke manne wa mace tun ranar farko. Ni da na ce zan ɗaga mata kai, saura kwana ɗaya in mayar da ita abin dariyar gari guda.

Baba ya haƙa rami a bayan gida. Muka zuba furen duka, har na amarya da ribon ɗinsa, ya tula kara ya cinna wuta. Ruwan bokitin ma a ramin ya sa na juye bayan wutar ta ci. Ya sa na kaɗe zanena da mayafina bisa garwashin, ya share tsakar gida da kansa sau biyu, ya ƙona sharar. Ina tsaye ina kuka, rabi na kunya, rabi na haushin kaina. Da muka gama na ɗauki wani mayafin, na ce zan je in ba mai fulawar roba haƙuri.

Ya ce, "Zamna. Mi ɗiyar ta ce tana so?"

"Na gaske, mai ƙamshi."

"To ɗauko wuƙa."

Bayan la'asar muka fita, shi a gaba, ni a baya da kwando. Ba daji muka nufa ba, gidajen unguwa muka bi, yana sallama yana neman izini. Ashe duk shekarun nan da yake zaune a ƙofar gida shiru, ya san abin da ke bayan katangar kowa. Ya ce kuskurena ɗanyen fure nake bi, shi kuwa fure sauri yake ya gama aikinsa ya faɗi, in ina son abin da zai jure wuni sai in nemi wanda ya riga ya nuna. A wani gida ya yanko rassan soɓorodo, jajawur, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. A wani ya samo auduga 'yan tushe uku da ta fara fashewa, fara sol cikin busasshen ƙoƙonta. Wani maƙwabci ya zaro mana zangarniyar gero daga damin da bai kai rumbu ba. Ƙamshi kuma ya ce a bari sai da safe. Ana sallame asuba ya kai ni gindin wata bishiyar lalle a gidan wata tsohuwa, ya nuna mini furenta, ƙanana, fari-fari, cunkus a kan reshe. Shekara nawa ina ƙunshi, ban taɓa sanin lalle yana fure ba. Na kai hanci, sai da na lumshe ido. Babu turaren kanti da ya kama ƙafarsa.

Na zauna haɗawa. Nan dai aikina ne, launi da tsayi na sani. Gero a tsakiya don tsayi, soɓorodo kewaye, auduga a tsakankani, lalle a ƙasa inda zai sha ruwa. Tuluna goma suka tashi. Amma na amarya ya ƙi. Duk yadda na juya shi sai ya fito a sandare, ba abin da ke sauka ya rufe hannu. Na kwance na ɗaura har sau uku, na fara tsaki.

Baba yana zaune yana kallona. Ya miƙe, ya karɓi wuƙar, ya nufi jikin katanga. Ya kwance safa ta farko.

Ban taɓa ganin abin da ke ciki ba sai ranar. Zangarniya ce mai sakakken kai, ta zubo ƙasa kamar jelar doki, ƙwayarta fara, kowacce zaune cikin ɗan baƙin kwasfa mai ƙyalli. Ya yanke ta. Ya kwance ta biyu, ya yanke. Inna ta fito daga ɗaki da kwano a hannu, ta daskare.

"Malam! Irin ne fa!"

Ya ce, "Na sani."

Ya yanke duka biyar ya miƙo mini. Na sa su a gefen ƙunshin, suka zubo suka rufe ɗaurin. Ja, fari, baƙi, ga ƙamshin lalle yana tashi. Na daɗe ina kallonsa.

Da hantsi aka kafa rumfa a ƙofar gida, na jera tulunan. Matan Dauran suka iso mota biyu. Suna shigowa hayaniyarsu ta ɗauke. Sai wata ta ce, "La! Soɓorodo ne!" Wata ta ce, "Ke, dubi gero!" Suka bi tebur-tebur suna taɓawa suna dariya, irin dariyar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha ya ci ado har bai gane shi ba. Wata dattijuwa ta ce shekararta arba'in tana tsinkar soɓorodo, ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ba sai yau.

Aka fito da amarya da ƙunshinta a hannu. Aka ɗau guɗa. Ita kuwa sai sunkuyar da kai take tana shaƙar lallen, na ga kafaɗarta na rawa, don ta gane dawar.

Sai uwar angon ta tashi, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Ta ratsa mutane ta tsaya gaban amarya, ta kama zangarniya ɗaya ta juya, ta ɓanɓaro ƙwaya ta sa a haƙori ta ciza. Na ce a raina, shi ke nan, yau kuma me na yi?

"Wagga dawa ta ina ce?"

Ƙanwata ta faɗa mata, a hankali.

Tsohuwar ta ce rabonta da ganin irin nan tun a rumbun mahaifinta, tana yarinya, ta ɗauka ya ɓace daga ƙasar. Ta juyo ta dube ni, don an ce mata ni na haɗa. "In an ƙare hoto, kar a yada shi. Ni za a ba."

Ba ta koma kujerarta ba. Wunin nan kaf tana gefen amarya a zaune. Duk ƙawar da ta kai hannu za ta girgiza ƙunshin sai ta buge hannun. In ƙwaya ɗaya ta faɗi kan tabarma, ta sunkuya ta tsince ta ƙulle a bakin zanenta. Magariba ta yi, soɓorodo na tsaye, auduga na tsaye, kuma kamar yadda Baba ya faɗa, ko tulu ɗaya mata ba su bar mini ba.

Da damina ta zagayo Baba bai shuka komai a jikin katanga ba, don ba shi da abin shukawa. Igiyar shanya ta samu fili, amma ni duk sanda na je shanya sai in ji kamar na yi sata. Baba yakan zauna yana kallon wurin. Ban ƙara yi masa tsiya ba.

Da kaka surukan suka aiko a zo, ƙanwata ta sauka. Muka je Dauran ni da Baba da Inna. Bayan an ci abinci mijin ƙanwata ya ce, "Baba, zo ka gani." Muka bi shi bayan gari kaɗan, muka wuce gonar wake, muka sha kwana.

Kunya-kunya ce har ban iya ƙirgawa ba, dawa ta fi tsayin mutum biyu, kowacce ta sunkuyo da sakakken kai, fari cikin baƙi, iska na kaɗa su suna wani shuu. Daga zangarniya biyar. Na ce, "Ikon Allah," na sake cewa.

Wata mata ta zo wucewa da itace a ka, ta ga mun tsaya, ta ɗauka baƙi ne masu tambaya. Ta ce, "Dawar amarya ce. Kowa ya sa a aje mishi iri bana."

Baba ya shiga cikin kunyar. Ya kamo kai ɗaya ya janyo shi ƙasa, ya murza a tafin hannu, ya hure, ya ciza ƙwaya. Ya daɗe a haka, bayansa gare mu. Da ya juyo gemunsa ya jiƙe, bai kuma goge ba. Ya dubi surukin nasa ya ce, "Ɗana, in kun yanke, a ba ni zangarniya biyar."